Habila a Gindin Dutsen Galili

An yi wani manomi, sunansa Habila, shi ne mai ba da waƙa a ikilisiyarsu. Gonarsa da ɗan nisa, amma kullum da ƙafa yake zuwa, shi da matarsa Rifkatu, suna tafe suna hira. Kowace shekara kuma, ran Litinin ta bayan Ista, jama'a sukan hau dutsen bayan gari, abin da suke kira zuwa Galili. Habila ne yake fara kaiwa sama, ya ta da waƙar tashin Almasihu, na bayansa suna amsawa.

Ana nan sai ɗansa Ayuba ya aiko masa da babur daga birni. To, ka san mutum da sabon abu! Gona babur, kasuwa babur, har majami'ar da ke bayan katangarsa sai ya hau babur. Rifkatu ta ce ita dai a bar ta da ƙafafunta. Habila ya yi mata dariya, ya ce wahala ce ba ta ishe ta ba, ya riƙa wuce ta a hanya yana ɗaga mata hannu.

Sannu a hankali tumbi ya fito, gwiwoyi suka yi nauyi. Wata shekara ya hau dutsen da ƙyar, ya ce ai zafin rana ne. Da shekara ta zagayo, babur ya kai shi gindin dutse, nan aikinsa ya ƙare. Habila bai kai ko rabi ba numfashi ya gagare shi. Ya gangaro ya zauna a inuwar wata tsamiya, kusa da baburinsa.

Can sai ya ji waƙarsa ta taso daga sama, a bakin wani. Cikin masu amshi ya tsinkayi muryar Rifkatu. Shi ma ya amsa, amma ba mai jinsa. Kewa ta kama shi ƙwarai, kewar iskar kan dutsen, da kewar hirar nan ta hanyar gona da ya yar. Hawaye suka zubo masa.

Washegari da sassafe Rifkatu ta fito da fartanyarta, ta same shi tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Baban Ayuba, babur ɗin ne ya lalace?"

Ya ce, "Babur lafiyarsa lau, ni ne na lalace. Ki yi sannu-sannu, ina biye da ke."

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙarfin hawan dutse ba a gindin dutse ake samunsa ba. A hanyar gona ake tara shi, da ta kasuwa, da ta majami'a. Jikin nan amana ne daga Ubangiji, ku taka da ƙafafunku tun suna jin maganarku. Haka kuma tafiya da Allah take, a addu'ar yau da gobe. Ƴan'uwa, kada ranar ta zo ku ji waƙarku a sama, ku kuna zaune a ƙasa.