Ɗana Ba Mahaukaci Ba Ne

Akwai wani manomi a Birchi ta ƙasar Kurfi, ana ce masa Malam Atiku. Mutum ne mai son a ce ya isa da gidansa. Babban abin tinƙahonsa shi ne ɗansa Mahmuda, wanda in aka fita gayya kowa zai sare, shi yana nan yana huɗa.

Ashe ba ƙarfi ba ne, tramol ce. Abokan ƙwadago suka koya masa, daga ƙwaya ɗaya har ya kai ga shanye kati guda. Ranar da bai samu ba sai zufa da karkarwa da ciwon gaɓoɓi.

Mahaifiyarsa Rekiya ta matsa, har Malam Atiku ya kai shi asibiti a Dutsin-Ma. Wata nas mai suna Zipporah ta yi masa bayani cewa doka ta hana shan tramol sai da izinin likita, domin tana sauya ƙwaƙwalwa har ta kasa natsuwa sai da ita. Ta ce a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a Katsina, a rage masa a hankali, a riƙa ba shi shawara.

Malam Atiku na jin haka ya miƙe. "Ɗana ba mahaukaci ba ne. Iskanci ne, ni zan sauke masa shi."

Nas ɗin ta ce, "Baba, in kun raba shi da ita da ƙarfi, sha'awar tana nan, amma jikin zai manta da yawan da ya saba. Ranar da ya koma, abin da yake sha a da zai iya kashe shi."

Ko waiwaye bai yi ba. Suna isa gida ya kulle Mahmuda a ɗakin da ke kusa da rumbu. Mahmuda ya yi amai, ya yi kuka, ya yi magiya, uban ya toshe kunne. Da aka kwana biyu ya fito ya murmure, Malam Atiku kuwa ya cika majalisa da labarin yadda ya warkar da ɗansa ba ko allura.

Damina ta sauka, aka kira gayya a Dabawa. Malam Atiku da bakinsa ya ce Mahmuda ya je ya nuna musu yana nan yadda suka san shi.

Makaɗi ya saki ganga yana wasa Mahmuda, amma hannu ya ƙi, sa'o'insa suka wuce shi. Kunya ta kama shi, ya zaga bayan wata bishiyar bedi ya shanye kati guda kamar da. Bai jima da komawa ba ya faɗi, jiki na fizga, baki na kumfa. A kan babur ya cika, kafin a kai Dutsin-Ma.

Wajen zaman makoki kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Malam Atiku ya shiga gida ya durƙusa gaban matarsa, hawaye na bin gemunsa.

"An gaya mini, Rekiya. Da kunnena na ji."

Darasi: Shaye-shaye ciwo ne da ke kama ƙwaƙwalwa, kulle da tsawa ba sa warkar da shi. Kada gudun abin da mutane za su ce ya hana ka kai naka wajen likita. Tura wa wasu iyayen, wataƙila akwai mai irin wannan ɗakin a gidansa.