Takardar da Ba Ta Ambaci Tumaki Ba

Akwai wani maigida mai tumaki da yawa, yana da makiyayi da yake kiwonsu a hayin kogi, tafiyar yini guda daga gari. Ladan makiyayin buhun dawa biyu ne a wata. Duk ƙarshen wata wakilin gidan yakan ɗora wa jaki buhunan, a kai wa matar makiyayin, da su take ciyar da 'ya'yansu huɗu.

Wata safiya aka tsinci takarda a ƙofar gidan, da sunan makiyayin a ƙasanta. An rubuta, "Na kwashe iyalina zuwa wani gari. Daga yau a riƙa kai ladana rumfar mai gishiri a kasuwar Laraba, shi zai karɓa mini. A kai yau, kada a jinkirta. Kada kowa ya wahala wajen nemana, na kora garken nesa."

Wakilin ya karanta, ya ga rubutun ya yi kama da na makiyayin, sai ya fara ɗaura kaya. Maigidan ya fito, ya karɓi takardar, ya karanta har sau biyu. Ya ce, "Sauke kayan nan."

Wakilin ya ce, "Ranka ya daɗe, ga sunansa, ga rubutunsa."

Maigidan ya ce, "Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana aiko mini da saƙo. Bai taɓa fara maganar kansa ba sai ya gaya mini wace tunkiya ce ta haihu, wace ce take ɗingishi. Duba takardar nan, ka nuna mini tunkiya ko ɗaya."

Wakilin ya duba, bai gani ba.

Maigidan ya ce, "Je ka tambaye shi baki da baki. Ka bi hanyar da ka saba, ka neme shi inda ka saba samunsa."

Wakilin ya tafi yana gunaguni, gama gwiwarsa tana ciwo. Da la'asar ya haye kogi, sai ga makiyayin a gindin tsamiyar da ya saba zama, tumaki kewaye da shi. Ko gaisuwa ba su gama ba makiyayin ya ce, "Yaya, ka gaya wa maigida baƙar tunkiyar nan ta haifi tagwaye."

Wakilin ya zauna a ƙasa, ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa masa takardar.

Makiyayin ya ce, "Ni? Ƙaura? Cikin matata wata takwas, ko rijiya ba ta iya zuwa. Wane mai gishiri kuma?"

Wakilin ya ce, "Yau saura kaɗan in ɗauki abincin yaranka in kai wa ɓarawo, a kan jakinmu kuma."

Kashegari aka kai wa matar dawarta. Ta auna, ta ɗora tukunya, ba ta ma san abin da ya faru ba.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: takardar nan tana zuwa har yau, sai dai ta imel take zuwa. Da yawa cikinmu muna aiki a makarantu da asibitoci da ofisoshi, waɗansunmu ma su ne suke shirya albashi. Saƙo zai shigo da sunan ma'aikaci, yana cewa a canja masa asusun banki kafin a biya. Wani saƙon kuma zai ce daga ofis yake, ka latsa nan ka shigar da kalmar sirrinka, in ba haka ba a riƙe albashinka. Ku lura da halinsa: yana gaggawa, kuma ba ya so a tambayi kowa.

Kada ku amsa ta hanyar da saƙon ya nuna. Ku duba adireshin da ya aiko shi, harafi bayan harafi. Ku kira mutumin a lambar da kuka riga kuka sani, ko ku tashi ku taka zuwa teburinsa, ko da gwiwa tana ciwo.

Ɓarawo ya iya kwaikwayon suna da rubutu, amma bai san abin da yake zuciyar makiyayin ba. Maigidan ya sani, domin ya daɗe yana sauraron mutumin da yake yi masa aiki. Ubangiji ya ba mu irin wannan kula da juna, har in an aiko da ƙarya da sunan ɗan'uwanmu, mu gane cewa ba shi ba ne.