Ƙullin da Aka Watsar a Mararraba

Akwai wani manomi wanda yunwa ta sa ya cinye irinsa tun da rani. Da hadari ya fara haɗuwa, ba shi da abin shukawa, sai ya ɗaura wa jaki buhu ya tafi roƙon iri wurin surukinsa. Kun san kuwa roƙo a gidan surukai, sai wanda wuya ta kai wa iya wuya.

Tsohon ya shiga ɗaki, ya fito da ɗan ƙulli a tsumma, bai kai kan yatsa ba. Ya ce, "Ƙwayar mastad ce, ɗana. Je ka shuka. In ta girma zan zo in sha inuwarta."

Mutumin ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, amma zuciyarsa tana tafasa. Haba! Shi da ya zo da jaki? Ina zai sa fuskarsa in ya shiga gari da buhu wayam? Da ya kai mararraba sai ya kwance ƙullin ya watsar, ya cika buhun da ƙaiƙayi don mutane su ce an ba shi dawa. Daminar nan kuwa a ƙodago ya ƙare ta, yana noman gonakin wasu.

Duk sa'ad da tsohon ya aiko yana tambaya, sai ya ce, "A gaya wa Baba ta tsiro." Ƙarya dai fure take, ba ta 'ya'ya.

Ran nan aka ce masa ga tsohon nan tafe. Ya fita taryensa, yana shirya yadda zai ɗora wa awaki laifi. Yana isa mararraba sai ya tarar da tsohon zaune a gindin wata doguwar shuka mai rassa, tsuntsaye suna ta hayaniya a kanta.

Tsohon ya ce, "Ɗana, wannan irina ne, na san ganyensa. Nan ce gonarka?"

Kunya ta rufe mutumin, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce, "Baba, watsar da ita na yi. Na raina ta."

Tsohon ya matsa gefe, ya ce, "Na gani. Shigo inuwa, rana tana dukanka."

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙwayar mastad Mulkin Allah ne, yadda Yesu ya kwatanta shi. Ƙanƙane yake zuwa, shi ya sa muke raina shi. Buhun ƙaiƙayi kuwa shi ne addinin ganin ido, mai cika a waje, ba abinci a ciki. Mu nawa ne a nan muka watsar da Maganar da aka ba mu, muna cewa ta tsiro? Mulkin zai girma ko mun ƙi, 'yan'uwa. Wanda ya watsar, kada ya tsaya a rana yana neman akuyar da zai ɗora wa laifi. Ya faɗi gaskiya da bakinsa, Allah Uba ya riga ya matsa masa wuri.