Majinginin da Maƙeri Ya Yar

Akwai wani maƙeri a wani gari na bakin kogi, wanda masunta suke kawo wa wuƙaƙensu ya wasa musu. Mahaifinsa ya bar masa wani guntun katako mai gangare, ana kiransa majingini. A kansa ake kwantar da wuƙa sa'ad da ake goga ta a dutse, domin kada bakinta ya yi kauri, kada kuma ya yi sirantaka fiye da kima. Aiki da shi yana cin lokaci, amma wuƙar takan daɗe tana yanka.

Da sunansa ya fita, mutane suka dinga yabon hannunsa, kansa kuwa ya kumbura. Ya ce a ransa katako ai na 'yan koyo ne. Ya jefa majinginin bayan zugazugi, ya shiga wasa wuƙa da ido. Kullum hannunsa yana ƙara kwantar da wuƙar kaɗan kaɗan, shi bai sani ba. Bakin ya riƙa fitowa siriri yana walƙiya, har yakan aske gashin hannunsa a gaban jama'a, su yi ta tafi.

Wata rana da damina, kogi ya cika ya batse, ya raka ƙanensa Barnaba masunci su ɗebo taru. Suna tsakiyar ruwa tarun ya sarƙe da wani kututture a ƙasa, igiyar ta naɗe ƙafar Barnaba, ta fizge shi cikin kogi. Da ƙyar ya kama bakin kwalekwale.

"Yaya, yanke igiyar!"

Maƙeri ya zaro wuƙar da ya wasa da safen nan, ya ɗora a kan jiƙaƙƙiyar igiya. Yana dannawa bakin wuƙar ya nannaɗe kamar ganye. Ya goga, ya sake gogawa, ko zare bai tsinke ba. Ruwa ya kai wa Barnaba wuya, ya kai baki, yatsunsa suka fara zamewa. Tsoro ya kama maƙeri, yana lalube a cikin kwalekwale yana kiran sunan Ubangiji. Sai hannunsa ya faɗa kan wata tsohuwar wuƙar gyaran kifi mai tsatsa, wadda ya wasa tun yana aiki da majingini. Ita ce ta yanke igiyar.

Da ya kai ƙanensa gida, Barnaba yana aman ruwa, maƙeri bai ko zauna ba. Ya bi gida gida yana roƙon masunta su dawo masa da wuƙaƙensu. Amma da yawa sun riga sun shiga kogi, kowa da wuƙarsa mai walƙiya a ƙugu.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Majinginin nan Maganar Allah ce. Maƙerin kuwa ni ne, kai ne, ke ce, duk wanda aka danƙa wa wani ya koya masa, uba ko uwa ko malami. Ba wanda yake karkacewa rana ɗaya. Yakan ajiye Littafi ne don ya ga ya iya, ya shiga koyarwa da ra'ayin kansa, mutane suna tafi. Abin da yake ba ni tsoro shi ne, wuƙar nan ba ta nuna aibinta a maƙera ba, sai a tsakiyar ruwa, kuma ba maƙerin ne igiya ta naɗe ba. Ka koma ka ɗauko majingininka yau, tun 'ya'yanka ba su shiga kogi ba.