Haƙorin Salamatu

Lado wanzami ne mai sanyin hannu, amma bai iya jira ba, kuma ba ya son a ce akwai abin da ya gagari askarsa. Shekarar da ruwan Tiga ya ci ƙauyensu, ko wadda ta biyo bayanta, Allah ne masani, ya koma wani sabon gari kusa da Bebeji. Matarsa ta rasu kafin tashin, 'yan uwa kuma kowa ya kama gabansa. Daga shi sai 'yarsa Salamatu a gidan.

Salamatu ta yi famfara kamar sauran yara. Haƙori ɗaya na gaba ya fito, ɗayan ya ƙi. Damina ta wuce, rani ya wuce, sai wani kumburi mai tauri a dasashi, ba ciwo, ba jini. Kullum da safe takan taɓa wurin da harshe ta tambayi ubanta ko ya leƙo.

Ranar kasuwar Tudun Wada ya kai ta asibiti, suka dace da wani likita da ya zo daga Kano. Likitan ya duba, ya ce ga alama ƙari ne, amma ba mugu ba. Ya ce kowane haƙori a cikin wani tantani yake kwance, kamar ɗan tayi a mahaifa, tantanin ne ke buɗe masa hanya ta cikin ƙashi. Wani lokaci wasu 'yan ƙananan haƙora marasa siffa kan taru cikin nasu tantanin su tare hanyar. Ya ce a kai ta birni a ɗauki hoto, a cire ƙarin kaɗai, sannan a jira.

"Na gaskiyar yana sama yana barci," in ji likitan. "Kada a taɓa shimfiɗarsa. Zai iya kai shekara kafin ya sauko."

Shekara ta yi wa Lado nisa. A hanyar komawa kuma wani masunci mai suna Shitu ya tsokane shi cikin mota.

"Sarkin aska, kana gyara bakin 'ya'yan mutane, na gidanka sai an kai birni?"

Aka yi dariya, Lado bai yi ba.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe zabira, ya ɗora kan yarinyar a cinyarsa. Ya tsaga dasashin, sai ga 'yan fararen ƙwayoyi kamar tsakuwar shinkafa. Ya tsince su. Da ya tsaya nan, wataƙila da an dace. Amma ya hangi wani fari babba can ciki, ya ce a ransa wannan ce uwarsu. Ya yage tantanin, ya ɓanɓaro shi. Da ya wanke shi ya ɗora a tafin hannu, sai ya ga haƙori ne sosai, mai faɗi da kyau, saiwarsa ba ta gama tsirowa ba.

Ciwon ya warke. Lado bai faɗa wa kowa ba, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa. Ya rage fita aski, yakan zauna a zaure shi kaɗai har la'asar.

Wata rana Salamatu ta dawo daga ɗiban ruwa, hannunta a kan bakinta, ta durƙusa gabansa.

"Baba, yara sun ce in ƙadangare ya ga giɓin mutum haƙori ba ya fitowa. Ni ce na yi dariya a gindin katanga. Ka yafe mini, bayan duk wahalar da ka sha."

Lado ya kau da kai ya dubi zabirarsa. Ta jira kaɗan, sannan ta ɗauki tulunta ta shiga ciki.

Darasin da ke nan shi ne, abin da Allah ya lulluɓe yana da ranar buɗewarsa, kuma gwaninta a abu ɗaya ba ta sa mutum ya san kome. Wanda aka ce masa ya jira, ya jira, kada dariyar mutane ta tunzura shi. Mai gaggawa yakan cire alheri tare da cuta, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne ke ɗaukar laifin.