Gwaggo Yalwa da Ruwan Tumfafiya

An yi wata fara mai suna Yalwa a wata fadama, ga ta da ci, ga son girma. Tana da gindin rama guda wanda ta fi ƙauna a duniya. Abu ɗaya ke ɓata mata rai: Balbela, wadda ke karya kumallo da fari kullum.

Wata rana Yalwa ta tara dangi, ta ce, "Kowa ya shafe jikinsa da ruwan tumfafiya!"

Da safe Balbela ta cafki ɗaya, ta tofar. "Tir! Wa ya dafa ku da maɗaci?"

"Sabon girki ne, Hajiya," in ji Yalwa. "A ƙaro miki?"

Balbela ta kakkaɓe fiffike, ta koma wajen shanu, inda take samun kaska da tsutsa. Ko rama ba ta yi ba.

Fari kuwa suka yi ta haihuwa. Kafin kaka, duk inda Yalwa ta juya sai ta ji, "Ina kwana, Gwaggo?" Tun tana amsawa har muryarta ta dishe.

Suka cinye ciyawa. Suka cinye yakuwa. Sannan suka yi layi a gindin ramarta.

"Gwaggo, ɗan ɗanɗano kawai."

"Kai ɗan wane ne?"

"Jikan ƙanwar kakarki."

Kafin ta gama lissafa zumuncin, saura ganye uku. Tana cikin salati, sai ta ji ana gutsurar fiffikenta.

"Yi haƙuri, Gwaggo, na ɗauka ganye ne."

Yalwa ta yi ta tsalle har makiyaya, ta zube gaban Balbela. "Ranki ya daɗe, ki dawo. Mun yi wanka."

Balbela ta biyo ta. Ta dubi fadama fal da fari, ta dubi Yalwa da ta fi kowa ƙiba, ta ce, "To, da wa zan fara?"

"Fara da wancan gefen!" in ji Yalwa, ta shige ƙarƙashin ganyen da ya rage.

Damina na zuwa, rama ta sake tofo. Yalwa na ci, ido ɗaya a sama.

Darasin wannan labari shi ne, Allah bai halicci kowa a banza ba, har wanda kuke tsoro. In aka kori mai cin fara, fara ce za ta fara kwana da yunwa.