Sanarwar Da Ba Ta Shiga Lungu Ba

Akwai wani mutum ɗan asalin unguwar Kabara a cikin birnin Kano, sunansa Abdulbaqi. Jami'in hulɗa da jama'a ne a wata hukuma mai kula da magudanan ruwa. Aikinsa ya rubuta sanarwa, ya karanta ta a rediyo, sannan ya hau mota mai lasifika ya zagaya unguwanni yana maimaitawa.

Allah ya ba shi murya, wannan kam ba a musu. In ya ce "Ana sanar da jama'a", har mai shayi sai ya dakata da fifita wuta.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan aiki a zamanin mulkin soja. A lokacin, sanarwa umarni ce, babu mai tambayar ra'ayin kowa. A ba shi takarda a ce za a yashe kwata ranar Asabar, ya karanta, Asabar ta zo ta wuce. A ce masa an gama aiki kaza, ya karanta, alhali ko cebur ba a kai wurin ba.

Da farko abin yana damunsa, har ya kasa cin abinci. Daga baya ya daina jin komai. Takarda ta zo, ya karanta, ya naɗe, ya koma gidansa na ma'aikata a wajen gari ya ci tuwonsa.

Mafi muni a cikin abin da ya karanta shi ne na masu rumfuna a wajen Ƙofar Dawanau. Ya ce musu su kwashe kayansu na makonni biyu kacal, za a gyara magudana su dawo. Suka kwashe. Aka rushe rumfunan, aka yanka wurin aka raba wa manya. Shekara shida ke nan, babu wanda ya dawo.

Ran nan sai soja suka miƙa mulki, farar hula suka hau a shekarar 1999. Aka kawo wa hukumar sabon shugaba mai babbar riga. Ya tara ma'aikata ya ce, "Yanzu dimokuraɗiyya ake yi. Jama'a su suka zaɓe mu, lallashinsu za a riƙa yi."

Abdulbaqi ya koma ofis ya ɗauko tsofaffin sanarwoyinsa. Duk inda aka rubuta "ana umartar jama'a" ya soke, ya mayar da shi "ana roƙon jama'a". Iyakar dimokuraɗiyyar da ta shiga ofishinsa ke nan.

Da damina ta kankama, injiniyan hukumar ya shigo masa da takarda, fuskarsa ba walwala. Ya ce wata tsohuwar magudana ta toshe a ƙarƙashin wani lungu a Kabara, ruwa ya daɗe yana cin gindin gidajen ƙasa. Gida goma sha takwas ne. Dole mutane su koma makarantar firamare na makonni biyu a haƙa a gyara.

"Malam Abdulbaqi, wannan ba irin waɗancan ba ce," in ji injiniyan. "In aka yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, katangun nan za su kwanta."

Abdulbaqi ya duba sunan lungun. Lungunsu ne. A can aka haife shi, kuma a can mahaifiyarsa Inna Hajo take zaune har yanzu, a ɗakin da ya jingina da katangar baya.

Kuna tsammanin ya zabura ya nufi gida? Bai zabura ba. Ya dubi takardar kamar yadda yake duban kowace takarda. Ya ce a ransa ai Inna tana da rediyo, shi ya saya mata da hannunsa, za ta ji. Ranar Juma'a kuma zai leƙa.

Rabonsa da lungun tun ƙaramar Salla. Ƙarshen wata direba yake aikawa da shinkafa da sabulu. Ita kuwa Inna Hajo ba ta taɓa aikawa a kira shi ba. Shi ne ɗanta na fari, tana yi masa alkunya, ko sunansa ba ta faɗa. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin ofis".

Ya karanta sanarwar a rediyo safe da yamma, kwana uku. A rana ta huɗu ya hau motar lasifika shi da direbansa Ashafa, wani dattijo mai furfura wanda ya girme shi nesa ba kusa ba.

To, lungunan cikin birni kun san su. Wani ma sai mai keke ya sauka ya tura. Mota ta tsaya a bakin titi, Abdulbaqi ya ɗauki makirfo ya karanta sau biyu. Muryar ta bugi katanga ta dawo. Matan da ke can cikin gidaje, waɗanda su ne suke wuni a ɗakunan, amo kawai suka ji.

Ashafa ya kashe mota ya ce, "Yallaɓai, da mun sauka mun taka. Ga zauren mai unguwa can."

"Me za mu ce masa wanda ba mu faɗa a lasifika ba?"

"Ba abin da za mu ce ba ne. Abin da zai ce ne."

Abdulbaqi ya sauka ba don yana so ba. Ya tarar da mai unguwa, Malam Isiyaku, zaune a kan tabarma da wasu dattawa uku. Ya yi sallama daga bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, ya miƙa takarda yana tsaye.

"A'a, ɗan gidan Hajo! Shigo mana ka zauna, a kawo maka ruwa."

"Sauri nake, Baba. Ina da shiri a rediyo ƙarfe huɗu."

Malam Isiyaku ya juya takardar ya ajiye a gefen tabarma. "To tambaya ɗaya. In mun tashi, wa ya ba mu tabbacin za mu dawo?"

"Yana nan a rubuce. Makonni biyu kacal."

"Makonni biyu kacal," in ji dattijon a hankali. "Haka aka ce wa mutanen Ƙofar Dawanau. Kuma da wannan muryar aka faɗa musu."

Dattawan suka zuba masa ido. Ya kamata a ce kunya ta kama shi, ko fushi, ko wani abu dai. Bai ji komai ba. Ya duba agogonsa ya ce, "Ni dai na isar da saƙo, Baba."

"Ka shiga wurin tsohuwarka?"

"Zan dawo."

Daga zauren zuwa ƙofar gidan Inna Hajo bai fi taku sittin ba. Ya juya ya koma mota. Da ya isa ofis ya rubuta rahoto: an wayar da kan jama'a ta rediyo da lasifika da takarda, saƙo ya isa ga kowa. Shugaba ya sa hannu, ya yaba masa.

Juma'a ta zo, aka kira taro. Ya ce sai Lahadi. Lahadi ta zo, ya ji jikinsa ba ƙwari, ya kwanta. Makarantar firamaren da aka share aka shimfiɗa wa tabarmi tana nan fayau, ko gida ɗaya bai tashi ba.

Ranar Talata bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai bayan la'asar. Abdulbaqi yana ofis yana gyara wata sanarwa lokacin da Ashafa ya shigo jiƙe sharkaf, ko sallama bai yi ba.

"Yallaɓai, tashi mu je gida."

Gida uku suka rushe. Mutum biyar suka ji rauni. Wadda ba a fito da ita da rai ba ita ce Inna Hajo. Katangar baya ce ta kwanta a kan ɗakinta tana zaune a kan sallaya.

Aka yi mata sutura, aka kai ta kafin magariba. Abdulbaqi ya tsaya a sahun gaba. Ya karɓi gaisuwa, ya amsa "amin" duk inda ake amsawa. Mutane suka riƙa cewa ga namiji mai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Yana laluben baƙin cikin a cikinsa, ya rasa inda yake.

Ran sadakar uku aka ce ana kiransa a soron maƙwabta. Baba Asibi ce, aminiyar Inna Hajo tun suna amare. Hannunta ɗaya a ɗaure yake, don ita ma gini ya same ta. Ta tura masa wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Rediyon nan ce da ya saya, an ciro ta daga cikin ƙasa, ko tsagewa ba ta yi ba.

Ya dubi rediyon. Sannan ya yi tambayar da take cinsa tun ranar Talata. "Baba Asibi, me ya sa ba ta tashi ba? Kwana uku ina faɗa a rediyo."

"Ba ta ji ba."

"Rediyon ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Tana jin labarai, tana jin tafsiri, tana jin gaishe-gaishe. Amma da zarar muryarka ta fito, sai ta miƙa hannu ta kashe. Shekara shida ke nan."



"Tun abin Ƙofar Dawanau," in ji Baba Asibi. "Ka manta maigidana yana da rumfa a wurin? Hajo ce ta shigo da kanta ta ce masa ya kwashe, ɗanta ba zai yi ƙarya ba. Ya kwashe. Har ya rasu bai sake samun wurin sana'a ba. Daga ranar ta ce ba za ta ƙara saurare ba, don kada a tambaye ta shaida a kanka gobe ƙiyama."

"To ai mutane sun ji. Mai unguwa ya karɓi takarda. Babu wanda ya gaya mata?"

"Mun gaya mata mana. Ni da kaina na shiga na ce, Hajo, an ce fa mu tashi, gini zai faɗi. Ka san abin da ta ce?"

Ya girgiza kai.

"Ta ce, 'In gaskiya ne, mutumin ofis zai zo da ƙafarsa ya faɗa mini. Ba zai bar ni a ƙarƙashin katanga ya tsaya a titi yana ihu ba.' Na ce to ki aika a kira shi. Ta ce, 'Ni in aika masa? Haba Asibi.' Kai ma ka san halinta."

Tsohuwar ta gyara ɗaurin hannunta, ta ci gaba ba tare da ɗaga murya ba.

"Mu kuma duk lungun ita muke kallo. Maza suka ce, ga uwar mai sanarwar nan zaune, ko ƙwarya ba ta ɗaure ba. Da da gaske ne, ai ita zai fara ɗauka. Shi ya sa muka zauna. Ranar da motarka ta zo, an gaya mata kana zauren mai unguwa. Ta share tsakar gida, ta dama fura, ta sa sabon mayafi. Furar nan ni ta ba wa da magariba."

Abdulbaqi ya ɗauki rediyon ya fita. Bai yi kuka ba. Ya bi lungun a ƙasa, daga ƙofar gidan zuwa zauren Malam Isiyaku, yana ƙirgawa. Taku hamsin da huɗu ne.

Bayan kwana bakwai ya koma aiki. Ya tarar da wata takardar a kan tebur: wani lungu a wajen Gwale, irin matsalar, gida goma sha ɗaya. Ashafa ya ɗauko makirfo zai haɗa. Abdulbaqi ya ce ya bar shi a ofis.

Suka ajiye mota a titi suka taka. A zauren mai unguwar ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida kowa, ya sha ruwan da aka kawo. Ya roƙi a kira masa unguwarzoma da wasu dattawan mata biyu su tsaya daga soro, don su shiga da maganar cikin gidaje.

Sannan ya ce, "Ni ne na yi sanarwar rumfunan Ƙofar Dawanau. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake karantawa. Wannan ta yau gaskiya ce. Makon jiya na binne mahaifiyata saboda irin wannan matsalar. Ku tambaye ni duk abin da kuke so, ba inda za ni."

Suka tambaye shi tun daga hantsi har aka kira la'asar. Abin da ya sani ya amsa. Abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, zai tambayo ya dawo gobe. Ya kuma dawo. Kafin Asabar duk gidajen sun tashi. Da aka gama aikin, shi ya tsaya har kowa ya koma ɗakinsa.

A ranar komawar, wani tsoho ya riƙe hannunsa yana sa masa albarka. Ya ce, "Allah ya ji ƙan wadda ta haife ka. Mun ji yadda abin ya faru. Amma ɗana, kai da ka iya zama da mutane haka, me ya hana ka shiga wurinta?"

Abdulbaqi ya buɗe baki. Shekara goma sha ɗaya yana magana gari yana ji. Ya tsaya a bakin lungun da takalmansa a hannu, bai sami abin da zai ce wa tsohon ba.

Darasi: Faɗar magana daban, isar da ita daban. Duk wanda aka ɗora wa aikin yi wa jama'a bayani, ya sani cewa ƙaryar da ya karanta jiya ita za ta toshe kunnuwa ranar da ya zo da gaskiya. Ka sauka daga mota, ka zauna, ka ji tambayar mutane, kuma ka fara da na kusa da kai tun suna nan. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana magana da yawun wata hukuma ko kamfani, da duk wanda ya daɗe bai leƙa gida ba.